Yadda Za Ka Yi Yini Guda a Boston Tsakanin Tarihin Neman 'Yanci da Abincin Italiya

Baƙon da yake da yini ɗaya tak a birnin Boston na Amurka ba ya buƙatar mota ko ɗan jagora, domin an shimfiɗa jan layin tubali a gefen titi, wanda ake kira Freedom Trail, mai tsawon kimanin kilomita 4, kuma yana ratsa wurare 16 na tarihi. Dabarar ita ce ka yi sammako, ta yadda yunwar rana za ta same ka a unguwar North End, inda Italiyawa suka yi kaka-gida tun ƙarshen ƙarni na 19.

Ka sa takalmi mai daɗin tafiya, ka fara daga dandalin Boston Common, wanda aka kafa a 1634. Daga nan ka shiga maƙabartar Granary, inda aka binne Samuel Adams da John Hancock da Paul Revere, jagororin neman 'yancin Amurka daga mulkin Ingila, tare da mutum 5 da sojojin Ingila suka harbe a ranar 5 ga Maris, 1770. Ka tsaya a kan kabarin mutum 5 ɗin ka karanta sunayen, domin jim kaɗan za ka isa gaban tsohon gidan gwamnati, Old State House, inda aka yi harbin, kuma wanda ya riga ya san sunan Crispus Attucks, ɗaya daga cikin waɗanda aka harbe, ba zai taka wurin kamar sauran titi ba. Kafin ka kai can akwai Old South Meeting House, inda dubban mutane suka taru a ranar 16 ga Disamba, 1773, kafin a zubar da akwatunan ganyen shayi 342 cikin teku don nuna ƙin harajin da majalisar Ingila ta ɗora musu alhali ba su da wakili a cikinta. A ganina, wannan zauren ya fi kowane wuri cancantar ka shiga ka zauna.

Kada ka daɗe a Faneuil Hall, tsohon zauren taro da kasuwa, kuma ka daure wa ƙamshin rumfunan abincin da ke bayansa. Ka ƙarasa titin Hanover, ka ci taliya ko fiza, misali a Regina Pizzeria da ke kusa da titin, wadda aka buɗe tun 1926. Wanda ba ya cin naman alade ko abin da aka dafa da giya, ya tambaya kafin ya yi oda, domin girkin Italiyawa yakan ƙunshi su. Taliya da miyar tumatir ko da kifi takan wadatar. Daga baya ka sayi kanoli, wato soyayyen ɓawon fulawa da ake cika shi da cuku mai zaƙi, a Mike's Pastry ko Modern Pastry, kuma ka yi haƙuri da layi.

Da ciki ya ɗauka, sai ka leƙa gidan Paul Revere da cocin Old North, inda aka rataya fitilu 2 a daren 18 ga Afrilu, 1775, don sanar da cewa sojojin Ingila za su ƙetaro ta ruwa. Sannan ka haye gada zuwa Charlestown, ka ga jirgin yaƙin USS Constitution na 1797, ka kuma rage ƙarfi don hasumiyar tunawa da yaƙin Bunker Hill, wadda matakalarta 294 ce, kuma akan rufe ta tun kafin faɗuwar rana.