Yadda Za Ka Koyar da Darasin Iyaka a Kalkulas da Taimakon Ƙirƙirarriyar Basira

Inda ɗaliban sakandare ke fara tuntuɓe a darasin iyaka (limit, wato ƙimar da amsa ke kusanta yayin da x ke kusantar wata lamba) shi ne 0/0. Da zarar sun ga sifili sama da ƙasa, sai su rubuta "babu amsa" su ajiye biro. Manhaja irin ChatGPT ko Gemini za ta taimaka a nan, muddin malami ya zauna da ita tun a gida kafin ya shiga aji.

Fara da (x² − 1)/(x − 1) yayin da x ke kusantar 1. Ka sa ta fitar maka da jadawali: 0.9, 0.99, 0.999 daga hagu, sai 1.1, 1.01, 1.001 daga dama. Amsoshin su ne 1.9, 1.99, 1.999 da 2.1, 2.01, 2.001. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da kalkuleta, domin manhajar takan yi kuskuren lissafi kuma ta faɗe shi da ƙarfin gwiwa. Bari yara su ga 2 da idonsu tukuna, sannan ka raba x² − 1 zuwa (x − 1)(x + 1), ka soke, saura x + 1. Idan ka zana a GeoGebra, manhajar zanen lissafi, layi miƙaƙƙe za ka gani, ramin da ke (1, 2) ba zai fito ba. Kai za ka zagaye shi da alli.

A cikin umarninka ka rubuta ƙarara cewa kada manhajar ta taɓa dokar L'Hôpital, wadda ke warware 0/0 ta hanyar bambancewa (differentiation). In ba ka hana ba, can take garzayawa, alhali yara ba su kai bambancewa ba. A kan (sin x)/x yayin da x ke kusantar 0 ma, amfani da dokar hujja ce mai zagaye kawai, tunda da wannan iyakar ake tabbatar da bambancewar sin x. Kuma ka duba kalkuletocin aji: wadda ke kan digiri za ta ba da kusan 0.01745 maimakon 1, sai an mayar da ita radiyan.

Amfanin manhajar mafi girma shi ne ƙirƙiro kuskure. Ka ce ta warware tambaya uku, kowacce da ɓoyayyen kuskure guda, ka raba yara rukuni-rukuni su farauto shi. Sa |x|/x a ciki: −1 daga hagu, 1 daga dama, don haka babu iyaka a 0. Ƙara da sin(π/x), wanda ke ba da 0 a 0.1, 0.01 da 0.001, amma ba shi da iyaka a 0. Sa su gwada x = 0.4, amsar 1 ce.