Yadda zaka haɗa tiren tare ɓarɓashi a ƙarƙashin injin sassaƙar ƙarfe

Duk wanda ke da ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe a gida, wato mai juya sandar ƙarfe wuƙa na fere ta, ya san halin ɓarɓashin nan, yana fita a murɗe da zafinsa ya watsu kan tebur ya gangara ƙasa, ga mai yana ɗiga katako na shanyewa. Tire guda na fallen ƙarfe a ƙarƙashin injin shi ke raba ka da wannan wahalar, kuma ba sai kana da injin lanƙwasa ba zaka iya haɗa shi.

Fara da kauri. Fallen ƙarfe mai milimita 1 zuwa 1.2 shi ne daidai, in ya yi ƙasa da haka zai riƙa lotsewa yana ƙara duk sanda injin ke juyawa, in ya kai milimita 2 kuma to guduma kaɗai ba za ta lanƙwasa maka shi da kyau ba. Mai rufin zinki ba ya saurin tsatsa amma fa in walda zaka yi masa hayaƙin zinkin nan yana sa zazzaɓi da ciwon kai, don haka ko dai ka goge rufin a wajen da zaka yi waldar kuma ka yi ta a fili inda iska ke kaɗawa, ko kuma ka haƙura da waldar gaba ɗaya.

Kafin ka taɓa ƙarfe ka yanka kwali tukuna. Ɗaga injin ka shimfiɗa kwalin, ka zana inda ƙafafu suke da ramukan bol, sannan ka juya duk hannuwan injin har ƙarshensu ka gani ko gefen tiren zai tokare maka yatsu, mutane da yawa sai sun gama aiki suke gano hannun gaba ba ya juyawa. Ka ƙara wa faɗin tiren kamar santimita 8 zuwa 10 ta gaba, gefuna su tashi santimita 3 zuwa 4, bayan kuwa ka bar shi da tsayi sosai, santimita 25 ma bai yi yawa ba tunda can ne injin ke watsa mai da ɓarɓashi.

Wajen lanƙwasa ka samu ƙarfen angul guda biyu da suka fi tiren tsawo, ka sa fallen a tsakaninsu daidai kan layin da zaka lanƙwasa ka matse da kilam, wato ƙarfen matsewa, sai ka ɗora guntun katako kana bugunsa da guduma kaɗan-kaɗan daga wannan kai zuwa wancan kai, ka dawo, ka sake komawa. Kar ka ce sai ka kwantar da waje ɗaya gaba ɗaya kafin ka matsa, ƙarfen zai miƙe a wajen ya yi tudu da kwari kuma ba ya gyaruwa. Bakin ma ka fara ninke shi kamar santimita 1 irin kalmasar bakin riga kafin ka ɗaga gefunan, wannan ninkin ne ke ƙara wa tiren ƙarfi kuma ya hana shi yanke maka hannu ranar da kake shara.

To kusurwoyi nan ne aikin yake. Inda layukan lanƙwasa biyu suka haɗu ka huda ƙaramin rami na milimita 3 kafin ka yanka kusurwar, shi zai hana ƙarfen tsagewa. Ni na fi son a bar ɗan kunne a gefe ɗaya, a lanƙwaso shi ya rungumi ɗayan gefen a ɗaure da ribit biyu, wato ƙusar haɗa fallen ƙarfe, sannan a bi ta ciki da silikon wanda mai ba ya ci, irin na gasket ɗin mota. Walda a fallen da bai wuce milimita 1 ba tana son hannu gwani, da ka ɗan jima waje ɗaya ka ƙona rami kuma zafin zai murɗe tiren. In ka gama ka zuba ruwa ciki ka bar shi ya kwana a kan jarida, da safe duk inda ya jiƙe ka san inda zaka gyara.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne zaman injin. Kar ƙafafunsa su zauna kai tsaye kan tire mai ɗan lanƙwasa ka kama ɗaure bol da ƙarfi, gadon injin zai iya murɗewa kaɗan wanda ido ba ya gani, sai ka ga sandar da ka sassaƙa kai ɗaya ya fi ɗaya kauri kana ta zargin wuƙa. Sa guntun ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa, wannan ma zai ba ka sararin zura buroshi, ka shafa silikon kewaye da ramin bol don mai kar ya bi ta nan, in ka ɗaure kuma ka duba lebul, wato ko injin ya zauna daidai bai karkace ba.

In kana amfani da ruwan sanyaya wuƙa sai ka huda rami a kusurwa ɗaya ka sa ɗan bututu da raga. Wajen kwashe ɓarɓashi kuma buroshi da ƙugiya ne, injin a kashe, ban da hannu tsirara. Na baƙin ƙarfe kana iya sa maganaɗisu cikin leda ka bi da shi, in ya cika ka juya ledar ka zare maganaɗisun, amma alminiyam da tagulla ba za su bi shi ba sai dai buroshi.