Ga masu duba matsin iska a waya kafin shuka

Salamu alaikum 'yan uwa manoman Kebbi. Bazara ta kankama, na ga wasu sun fara duba matsin iska (wato nauyin iskar da ke danne ƙasa) a waya don hasashen ruwa, to ga abin da na lura da shi.

Kada ku ga lambar matsin ta sauka da la'asar ku ce hadari ne. A ƙasashenmu masu zafi kullum haka take yi, ta hau wajen ƙarfe 10 na safe, ta sauka wajen ƙarfe 4 na yamma, ko da gari tas yake. Ku riƙa dubawa lokaci guda, ku rubuta, ku gwada ta yau da ta jiya.

Amma ni na fi amincewa da iska. Idan Sahara ta ɗau zafi matsin iskarta kan ragu, sai ta jawo iska mai laima daga teku. Shi ya sa in iska ta juyo daga kudu maso yamma ta zauna kwanaki, dare ya yi gumi, damina ta matso. Hadarin kansa galibi daga gabas yake tasowa.

Zuru da Yawuri kan riga Argungu samun ruwa. Don Allah kada ruwan fari ya ruɗe ku ku zuba iri, ku haɗa da sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tukuna.