Zama da iyali a Maroko: yadda za ku saba, da yadda ake fita ƙauye shan iska

Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram da kewaye. Tambaya ɗaya ake ta yi min a waya tun da muka dawo gida, wai wane ya samu burs ko aiki a Maroko yana son tafiya da iyalinshi, ya zaman yake, mace za ta iya kuwa? Za ta iya mana, amma sai in ku biyun kun shirya ma abin tare. Mu a Fas muka zauna ni da maigidana lokacin yana karatu, dan haka abin da zan faɗa yawanci na wannan yankin ne, wanda zai je Rabat ko Kazablanka sai ya ɗauki wanda ya yi mishi daidai.

Ku fara da takardu tun kuna gida. Aurenmu a nan yawanci a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi, a raba goro da dabino shikenan, to can wannan ba ya isa, ku je mairi a yi muku takardar aure da hatimi, ku yi fotokofi da yawa, ku ɗauki hotonta a waya kuma. Ita za a tambaya wajen neman katin zama na matar, kuma lokacin da muke can otel da yawa in sun ga mace da namiji musulmi sai sun ce a nuna ta kafin su ba da ɗaki ɗaya. Baƙo kwana 90 yake da shi, kafin su cika dole ku kai takardunku komisariya ɓangaren baƙi dan neman kart sejur, wato katin zama. Za su nemi fasfo, hotuna, takardar lakwal ko ta aiki, shaidar abin da za ku ci da shi, da kwantiragin haya wanda aka buga ma hatimi a ofishin unguwa da suke ce ma muƙaɗa'a. Ku je tun satin farko ku karɓo jerin abin da suke so da hannunku, kar ku dogara da ance ance. In sun karɓa za su ba ku ƴar takarda ta wucin gadi, ku riƙe ta gam har katin ya fito.

Gida kuwa ta hannun dillali ake samu, kuma akan ba da kuɗin ajiya ban da na wata. Abin da nake so ku duba ba fenti ko tayil ba, ku duba ina rana take shiga. Sanyin Fas daga Disamba zuwa Fabrairu ba irin hunturunmu ba ne da za ka sha rana da hantsi ka warware, shi da ruwan sama yake zuwa, kuma yawancin gidajen ba su da na'urar ɗumama ɗaki, sai ka ga cikin gida ya fi waje sanyi, bango na tsattsafo, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Ɗakin da taga ke kallon kudu ya fi, ko da ya ɗan fi tsada. Ku sayi bargo mai nauyi da safa da kafet tun Oktoba kafin kuɗinsu ya hau. Sai abu ɗaya da nake roƙonku dan Allah, kar ku kunna gawayi a ɗaki rufe dan jin ɗumi, kuma tukunyar dafa ruwan wanka mai aiki da gaz in tana cikin banɗaki ba taga to kar ku karɓi gidan sai an gyara. Iskar da take fitarwa ba ta da wari, mutum sai dai ya ji ciwon kai da barci, duk shekara tana kashe mutane can.

Kuɗinsu dirhami ne, ɗaya kusan sefa 60. Amma mai kayan miya a Fas sau da yawa da riyal zai yi miki lissafi, riyal 20 shi ne dirhami ɗaya, in ya ce 200 to dirhami 10 yake nufi, kar ki firgita. Mu da muka tashi da lissafin dala wannan ba zai ba mu wuya ba.

Ƴar uwa, a jakarki ki sa kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji mai kyau, zogale busasshe, da turaren wutarki. A ƙulle daddawar sosai a leda uku dan kar ta cika kaya. Gero akwai shi wajen masu sayar da kayan ƙamshi, illan suke ce mishi, tsada ne dai dan su kamar magani suka ɗauke shi, amma ya isa kunu ko fura ranar da kewa ta taso. Tuwo kuwa da garin samul ake tuƙawa ya yi kyau. Nama duk na yanka ne ba fargaba, kayan lambu da lemo da kifin sardin araha.

Yanzu ga inda maganar take, kuma da kai nake maigida. Kai da safe za ka saɓa jaka ka tafi, ka ga mutane, ka yi hira, ka sha kofi da abokai. Ita kuma yarinyar da ta tashi a gidan yawa a Birni ko Zango, wadda ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba, ga inna ga gwaggo ga yaran maƙwabta na shige da fice, ka kawo ta bene hawa na huɗu ka ja ƙofa, ba mai sallama daga safe har magariba. Wata biyu a haka za ka ga ta daina ci, abu kaɗan kuka, kullum tana kan WhatsApp da gida, kai kuma ka ce ta canza. Ba ta canza ba, kaɗaici ne, kuma yana cin mutum da gaske. Satin farko ka zaga da ita unguwa da ƙafa, ka nuna mata mai burodi, mai shago, farmasi, masallaci, tashar bus, ka sa mata layin waya nata da kuɗin cefane a hannunta, ka bar ta ta riƙa sayowa da kanta ko da da nuni ne. Faransanci yana aiki a ofis da asibiti, amma a kasuwa da ƙauye darija ce, larabcinsu na gida, wanda ko mai allo sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci wani abu. Gaisuwa, ƙirga, nawa ne, rage min, na gode, waɗannan ku koye su tare da dare.

Ke kuma kar ki jira a zo miki. Ran Juma'a kusan kowane gida kuskus ake yi, in maƙwabciya ta miƙo miki kwano kar ki maida shi wayam, zuba mata ko dambu ne ko ƴar shinkafa da miyar gyaɗa, daga nan zumunci ke farawa, ita ce za ta kai ki gidan wankan mata na unguwa, ita za ta nuna miki inda ake sayen kaya da sauƙi. Masallatansu Malikiyya ne kuma Warsh suke karantawa irin na makarantun allonmu, bayan asuba da magariba za ku ji an haɗa murya ana karatun izu, wallahi ranar da na fara ji sai da hankalina ya kwanta. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da yaro ko wani marar tarbiyya zai jefe ku da magana saboda launin fata, yana da ciwo, amma kar wannan ya sa ku kulle kanku, masu mutunci sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ku nemi ɗaliban Nijar da ke garin ma, su suka san kan komai.

Sai fita. Ni a ganina wannan ba almubazzaranci ba ne, yana cikin abin da ke riƙe auren a baƙon wuri, ko sau ɗaya a wata ku ware ƴan dirhami ku bar gari ku biyu. Cikin Fas dai kowa zai kai ku zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a 1815, da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta assasa a 859, can za ku ji Hausa ma a bakin masu ziyara. Amma lungunan tsohon gari matsattsu ne, mai neman sararin da ido zai miƙe sai ya fita ƙauye.

Motar ƙauye ita ce babbar taksi. Ƙananan jajayen taksin Fas mutum uku suke ɗauka kuma ba sa fita gari. Babbar mutum shida take ɗauka, kowa ya biya kujerarshi, ba ta tashi sai ta cika, kowace hanya da tasharta. Ku tambayi wanda ke zaune a ciki nawa ya biya kafin ku miƙa kuɗi, kuma ku faɗa ma direba a fili kujera biyu kuke so, in ba haka ba yana ganin baƙi sai ya ɗauka shata za ku yi. In madam na da ciki ko mota na juya ta, ku sayi kujerar gaba, ku riƙe lemon tsami, dan hanyoyin dutse kwana ne a kan kwana.

Ku fara da kusa. Sefru ba ta wuce kilomita 30 daga Fas ba, ƙaramin gari ne a gindin duwatsu da ruwa ke ratsa tsakiyarshi, ga ƴar magangarar ruwa a bayan gari da ake takawa da ƙafa. A watan Yuni suke bikin ƴaƴan itacen seriz, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2012. Safe ku je, la'asar kuna gida.

Wanda ya fi kwanta min shi ne Maulay Idris da Walili. Ku hau jirgin ƙasa daga Fas zuwa Miknas, bai kai awa ɗaya ba, daga nan babbar taksi kusan kilomita 30. Garin Maulay Idris fari fat a manne jikin tudu biyu, nan kabarin Idris na farko yake, jikan gidan Manzon Allah (SAW) da ya kafa daular Idrisawa ya rasu a 791. Hawa ne sosai, ki sa takalmi shafaffe ƴar uwa, ki bar mai tsini a gida. Daga nan kilomita huɗu zuwa biyar sai Walili, kangon birnin Rumawa da ke cikin jerin UNESCO tun 1997, kuma in ƙafarku da ƙarfi ku taka, hanyar gangara ce tsakanin gonakin zaitun. A ciki za ku ga daɓen ɗakuna da aka yi ma zane da ƙananan duwatsu masu launi, kifi da tsuntsu da mutane, har yau launin bai goge ba, ga dutsen matsar man zaitun da kwatar da man ke bi, ga wasu manyan fararen shamuwa sun yi sheƙa a kan ginshiƙai suna ta kaɗa baki kaf kaf kaf. Wajen ba inuwa, ku je da safe da ruwa da hula. Maris da Afrilu ne lokacinshi, alkama ta yi kore shar har ƙarshen gani, jajayen furanni a bakin gona, mutumin da ya taso a ƙasarmu zai tsaya ya yi ta tasbihi ne kawai. In kuma Nuwamba ko Disamba kuka je za ku tarar ana kaɗar zaitun, an shimfiɗa tamfol ƙarƙashin itace, maza na bugu da dogon sanda mata na tsincewa.

Mai son ganin ƙanƙara sai Ifran, kilomita 60 da ɗoriya daga Fas, a kan tudu sama da mita 1,600. A 1935 sanyin garin ya kai digiri 23.9 ƙasa da sifili, dan haka ba wajen zuwa da mayafi da silifa ba ne, riga kan riga, safa biyu, safar hannu. Garin da tsada, ku yi guzurinku daga gida, filas na shayi da burodi da dafaffen ƙwai. Gaba kaɗan Azru, ga kurmin dogayen itatuwan arzi da birai a ciki, ku riƙe leda da kyau dan fizga suke, kuma kar a ba yaro abinci a hannu ya miƙa musu. Ran Talata kasuwar Azru ke ci, mutanen duwatsu Amazigawa su sauko da tumaki da darduma saƙar hannu da zuma da tuffa, su yarensu daban ne da larabci, amma sallama ɗaya ce.

A ƙauye a kiyaye ladabi kamar yadda za mu so baƙo ya yi mana. Kar a ɗauki mace hoto sai an tambaya, kar a tsinki ɗan itace a gonar mutane. In an kira ku shayi ku zauna, za a kawo burodi mai zafi da man zaitun a ƙaramin kwano, a sa hannu a ci, kar ku zaro kuɗi, in kuna da sukari ko biskit na yara shi ya fi. Masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, to ku tafi da ƴar darduma da gorar alwala. Kwafin fasfo da katin zama su kasance a jaka dan akwai jandarmomi a hanya. Kuma ku tambayi direban da ya kawo ku ƙarfe nawa motar ƙarshe ke komawa, a ƙananan garuruwa da rana ta yi sanyi motoci ke ɗaukewa, lokacin sanyi kuwa wajen shida da rabi duhu ya fara, ku kasance a tasha tun bayan la'asar. In kwana za ku yi, ku kira masaukin tun kuna gida ku tambaya ko ɗakin na da abin ɗumi da ruwan zafi, sannan takardar auren nan ta shiga jaka kafin komai.