Yadda Ake Neman Izinin Gina Gidan Karnuka a Unguwannin Ingila

Duk wanda yake son gina wa karnuka mazauni a bayan gidansa a Ingila, ya fara tantance ko karnukan nasa ne na gida, ko kuwa sana'a zai yi da su, domin a nan ne hukuncin ya rabu gida biyu.

Idan nasa ne, galibi ba ya buƙatar izinin gini, muddin ɗakin ba bene ba ne, ba a gaban gida yake ba, kuma idan aka haɗa shi da sauran gine-ginen da aka ƙara ba su cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da gidan ba. Idan tsakaninsa da iyakar maƙwabci bai wuce mita 2 ba, kada tsayinsa ya haura mita 2.5.

Wanda zai riƙa karɓar karnukan jama'a yana ajiye musu don kuɗi kuwa, izini biyu ke gabansa, kuma ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Na farko daga sashen tsara birane na ƙaramar hukuma yake fitowa, saboda wurin zama zai koma wurin sana'a. Hukuma za ta sanar da maƙwabta, ta ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, sannan ta yanke shawara, yawanci cikin mako 8. A ganina, ya fi dacewa mutum ya je ya same su da kansa tun kafin takarda ta iso musu, ya nuna musu inda ɗakunan za su kasance, da yadda zai rage haushi, da inda ruwan wanki da kashi za su bi.

Na biyu shi ne lasisi a ƙarƙashin dokar jin daɗin dabbobi da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2018. Jami'i zai zo ya duba wurin, ya ba shi tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma lasisin yakan yi shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon sakamakon. Mai kiwo wanda karnukansa suka haihu sau uku ko fiye cikin wata 12 shi ma wannan doka ta hau kansa.

Ko an samu izinin biyu, batun haushi bai ƙare ba. Dokar kare muhalli ta 1990 ta ba ƙaramar hukuma ikon aiko da takardar umarnin a daina damun maƙwabta, kuma ƙin bin umarnin laifi ne da ake cin tara a kansa. Saboda haka a nesanta ɗakunan daga katangar maƙwabta, a yi musu bango mai kauri, a kuma shigar da karnukan ciki da dare.