Kurakuran da aka fi yi wajen tanadar wa kasuwa da tasha fasahar zamani domin ranar masifa

A watan Oktoban 2022 gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliya, bayan kogin Shari da na Logon, waɗanda suke haɗuwa tsakanin Injamena da Kusseri ta Kamaru, sun cika sun batse har suka shiga unguwanni irin su Waliya. A daminar 2024 ruwa ya yi ɓarnar da ta fi wannan, domin ya hallaka fiye da mutum 500 a Chadi, ya shafi kusan mutum miliyan 2, a ɓangaren Kamaru kuma ya mamaye gidaje a Yagwa da Maga, ya karya gada a cikin Yagwa. A duk waɗannan lokuta, wuraren da jama'a suka nufa su ne makarantu da harabar masallatai da filayen ƙwallo da bakin kasuwa, wato wuraren da ba na mutum ɗaya ba ne. Shi ya sa ofisoshin magajin gari da ƙungiyoyin agaji suka mai da hankali kan tanadar wa irin waɗannan wurare fitilu masu aiki da hasken rana, da kyamarori, da hanyoyin tura gargaɗi ta waya. Niyyar tana da kyau, sai dai akwai kurakuran da ake ta maimaitawa, kuma kusan dukkansu tushensu ɗaya ne: ana sayen na'ura kafin a tambayi wanda zai riƙe ta, da abin da zai yi da ita ranar da wuta ta ɗauke, sabis ya yi rauni, ruwa kuma yana bakin ƙofa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne tsara kayan aiki bisa yanayin ranar da komai yake lafiya. Sau da yawa za ka tarar an ajiye baturan sola a ƙasa, a cikin wani ɗan ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da taga, a garin da zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40. Batirin ruwa ba ya jure wannan, domin ƙarin zafi na kimanin digiri 10 a kan abin da aka ƙera shi dominsa yana iya rage rabin kwanansa, ga shi kuma idan ambaliya ta zo, abin da yake ƙasa shi take fara ci. Faifan solar ma haka yake: ƙurar hunturu takan lulluɓe shi daga Disamba zuwa Fabrairu, hasken fitila ya riƙa raguwa a hankali, har a wayi gari tana mutuwa kafin tsakar dare, mutane su ce kayan ne jabu, alhali kuwa wanki kawai faifan yake buƙata. Gyaran ba mai wuya ba ne. A ɗora batura da akwatin intanet a kan dakali ko maratayi da ya wuce iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a wannan wuri, a buɗe wa ɗakin hanyar iska, sannan a ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin wanke faifan da duba wayoyi, a yanka masa ɗan hasafi daga kuɗin da sarkin kasuwa yake tarawa. A ganina wannan hasafin ya fi ƙarin kyamara muhimmanci, domin kayan da aka ce na kowa ne su ne suke fara lalacewa da zarar ƙungiyar da ta kawo su ta rufe aikinta ta tafi.

Na biyu shi ne ɗauka cewa kowa yana da babbar waya kuma yana karanta Faransanci. Duk wanda ya zauna a kasuwar Marwa ko ta Kusseri ya san cewa ciniki da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Hausa da Barbarci ake yi, kuma da yawa daga masu sayar da kifi da dillalan shanu da mata masu tallar nono ƙaramar waya mai madanni suke riƙe da ita. Sanarwar da aka rubuta da Faransancin ofis aka sa a Facebook ba za ta isa ga waɗannan ba sai bayan an gama. Abin da ya dace shi ne a naɗi saƙon murya gajere, wanda bai wuce minti ɗaya ba, cikin kowane harshe da ake ji a wurin, a tura shi ga limamai da lawanai da jaurori da shugabannin 'yan acaba, su kuma su fitar da shi ta lasifikar masallaci da ta tasha, gidan rediyon gari kuma ya maimaita shi a kowace sa'a. Mai shela bai tsufa ba, wayar ce za ta kai masa labari da wuri.

Akwai kuma dogaro da hanya ɗaya. Mutanen Chadi ba su manta ba cewa daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook da makamantansu, kamar yadda aka yanke intanet na kusan wata uku a yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi a farkon 2017. Ko ba a toshe komai ba, turken sabis yakan tsaya idan man janaretansa ya ƙare kuma hanya ta yanke. Saboda haka kowane kwamitin kasuwa ya riƙe layin kamfanoni biyu, MTN da Orange a Kamaru, Airtel da Moov a Chadi, ya kuma ajiye lambobin mutanensa a rubuce cikin littafi, tare da rediyo mai batir da lasifikar hannu.

Kuskuren da na fi so a tsaya a kansa shi ne tura gargaɗin da bai gaya wa mutum abin da zai yi ba. Yanzu samun labarin ruwa ya yi sauƙi fiye da da. Ambaliyar Logon da Shari ba ta zuwa kwatsam, domin ruwan daga kudu yake gangarowa, daga tsaunukan Adamawa da ƙasar Afirka ta Tsakiya, kuma yakan kai ƙololuwarsa a Injamena a watan Oktoba ko Nuwamba, bayan sama ta riga ta ɗauke. Hukumomin ruwa suna auna tsayinsa, kuma tun 2022 shafin hasashen ambaliya na Google ya haɗa da Chadi da Kamaru, yana nuna abin da ake tsammani kwanaki kafin ya iso. Amma idan aka gaya wa mai shagon hatsi cewa kogi ya kai mita kaza, ba a gaya masa komai ba. Yana son ya san ko yau zai kwashe buhunansa ko zai iya jira zuwa jibi, ina zai kai su, kuma wace hanya ce amalanke zai iya bi. Gyaran shi ne a fassara awon zuwa alamar da ido yake gani: a shafa fenti kore da rawaya da ja a jikin ginshiƙin gada ko wani turke a bakin ruwa, a yi ittifaƙi tun da rani a kan abin da kowane launi yake wajabtawa, rawaya a ɗaga kaya, ja a fita da yara da tsofaffi zuwa makaranta kaza. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wurin fakewar ma tun kafin damina za a zaɓe shi, a sa shi a taswirar waya da kuma ta takarda da aka manna a ƙofar kasuwa, a duba ko yana da ruwan sha da makewayi da wurin cajin waya. Lamarin Marwa ya bambanta, domin rafin Mayo Kaliyawo da ya ratsa garin yakan cika cikin 'yan sa'o'i bayan ruwa mai ƙarfi a duwatsu, saboda haka can kiran waya daga ƙauyukan sama ya fi kowace taswira amfani. Mutanen Garwa kuwa sanarwar sakin ruwan madatsar Lagdo ce abin sa ido, kamar yadda ambaliyar Binuwai ta 2012 ta koya musu.

Sai batun jita-jita. Garuruwan da suka ga harin bam a kasuwannin Injamena da Marwa a Yulin 2015, da rikicin Kusseri na Disamban 2021 wanda ya sa dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi, sun san cewa saƙon murya ɗaya na ƙarya yana iya watsa kasuwa a tattake yara. Zauren WhatsApp da kowa yake iya zuba abin da ya ga dama ba wurin sanarwa ba ne. A ware zaure na daban wanda mutum biyu ko uku kaɗai suke iya rubutu a cikinsa, kowane saƙo ya zo da sunan mai magana da rana da sa'a, domin tsohon hoton gobarar wani gari ya sha dawowa a matsayin na yau.

Wajen rabon tallafi ma ana yin sakaci mai haɗari, inda ake ɗaukar hoton katin shaidar mutane da lambobin wayarsu ana jefawa a zauruka. Daga nan 'yan damfara suke samun lambar bazawarar da ta rasa gidanta, su kira ta su ce ta faɗi lambar sirrinta kafin kuɗi su shigo. Chadi tana da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru kuma ta yi tata a Disamban 2024, don haka jerin sunaye ya tsaya a hannun wanda aka ɗora wa aikin, a kuma yi ta shelanta cewa babu ma'aikacin gaskiya da yake tambayar lambar sirri. Kafin a tura kuɗin, a sanar da masu shagunan cire kuɗi na unguwar domin su tanadi tsaba, in ba haka ba mutane za su wuni a layi da kuɗi a waya alhali ba su da abin sayen mudun gero.

Dukkan wannan tsari yana buƙatar gwaji sau ɗaya a shekara, a watan Yuni kafin ruwa ya kankama. A zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, a kashe wutar gari da ke shiga kasuwar da gangan, a tura saƙon gwaji, a duba minti nawa ya ɗauka kafin ya isa rumfar mahauta da ke ƙarshen kasuwa, sannan a rubuta sunan duk lambar da aka kira ba ta shiga ba domin a sauya ta a wannan makon.