Yadda za ka kalli zanen da ya yi kama da hoto, da inda za ka same shi a Legas

Kusan kowa a cikinmu an taɓa turo masa irin hoton nan a WhatsApp ko Facebook, yaro ruwa na kwarara a kansa ko wata tsohuwa da gumi a goshi, a ƙasa a rubuta wai zanen hannu ne ba kyamara ta ɗauka ba. Sai mu ce ikon Allah kamar ka kira shi ya amsa, mu tura wa na gaba, shi kenan an wuce wurin. To wannan mamakin ƙofar shiga ce kawai, a ciki akwai abun kallo da yawa, kuma mu da muke zaune a Legas mun yi sa'a don da yawa daga cikin gwanayen wannan aiki a garin nan suke, kayansu na rataye a wuraren da kuɗin danfo zai kai ka.

Abu na farko dan Allah ka aje waya ka je ka gani da idonka. Waya tana cutar zane sosai, abun da aka yi shi ya kai tsawon mutum sai ta matse shi ya dawo tafin hannu, kaurin fenti ya ɓace, sawun buroshi ya ɓace, komai ya zama sumul. In kana Obalende ka hau motar Lekki ko Ajah ka sauka Ikate, a kan hanyar Elegushi akwai Nike Art Gallery na Mama Nike Davies-Okundaye, bene ne hawa-hawa cike maƙil da zane tun daga ƙasa har sama kuma ba a biyan kuɗin shiga. Akwai Terra Kulture a Victoria Island, akwai Omenka da Mydrim a Ikoyi. Gidan tarihi na Onikan kuwa daga dandalin Tafawa Balewa (TBS) da ƙafa ma za ka taka, ana yawan baje kolin zane a can lokaci-lokaci. Mai hali da lokaci ya daure wa gosulo ya je Ibeju-Lekki, gidan zane na Yemisi Shyllon da ke cikin jami'ar Pan-Atlantic wanda aka buɗe a 2019, a nan ne za ka ga na dā da na yanzu a jere. Sannan duk watan Nuwamba ana yin babban baje kolin zane na Art X Lagos tun 2016, shi dai sai da tikiti.

Kar shigarka ta dame ka. Na san wasu 'yan'uwanmu na Agege da Idi Araba da Mile 12 suna ganin irin wuraren nan na masu kuɗi ne da 'yan boko, wallahi da kaftaninka da hularka ka shiga, ke ma da hijabinki, ba wanda zai ce sai kun saya. Doka biyu ce, kar a taɓa zane da hannu don maiƙon yatsa yana ɓata shi musamman na gawayi, sannan a tambaya kafin a ɗau hoto kuma a kashe fulash.

To ka shiga, ga zane a gabanka. Kar ka ruga ka manna hanci. Ja baya tukuna kamar taku biyar ko shida ka tsaya, ka lura ina idonka ya fara sauka, don mai zanen da ya san aikinsa shi yake jan idonka zuwa inda yake so, ta hanyar sa wuri ɗaya ya fi ko'ina haske ko kaifi. Daga nan ka ɗan runtse ido kaɗan yadda ƙananan abubuwa za su dushe, abun da zai rage maka shi ne manyan curin haske da duhu, in a hakan ma zanen ya tsaya da ƙafarsa to ginin mai kyau ne. Sai ka matso a hankali har ya rage kamu biyu tsakaninku. Mu ai mun saba da wannan a wajen hula, ba mai sayen kube daga nesa, sai ka ɗauka ka juya cikinta ka ga ɗinkin kafin ka yarda aikin hannu ne ko na inji, to haka ake yi wa zane sai dai da ido kawai. A kusa za ka ga abun da ka ɗauka ƙyallin ido ne ashe ɗigo ɗaya ne na farin fenti, abun da ka ɗauka gashi ne ɗai-ɗai ashe duhu aka shimfiɗa sannan aka ja 'yan layuka kaɗan a kai.

Tambayar da ta fi kowacce amfani ita ce daga ina haske yake zuwa. Ka nemo shi, ta taga ne, ta sama ne, fitila ce, rana ce ta yamma, sannan ka bi inuwa ka gani ko duk sun yarda da juna, ta ƙarƙashin hanci da ta haɓa da ta wuya da wadda mutumin ya jefa a bango. Ɗan koyo a nan ake kama shi, zai ƙawata ido da leɓe amma inuwar ta watse kowacce da inda ta nufa. In kana so ka ga gwanin haske nemi aikin Abiodun Olaku, wanda aka haifa a 1958 ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Yaba wato Yabatech, yana cikin waɗanda suka kafa wurin aikin masu zane na Universal Studios of Art a harabar National Theatre da ke Iganmu. Shi Legas ɗin nan da muke sha wa wahala kullum yake zanawa, gidajen kan ruwa, hayaƙi da hazo, titi bayan an ɗauke ruwa fitilun motoci na sheƙi a kwalta, lokacin nan na gab da magariba da komai ke komawa toka-toka. Ni a ganina ya fi da yawa daga cikin masu tashe a intanet nisa, don in ka matsa kusa da zanensa mutanen ciki ba su da ido ba su da baki, shafa biyu uku ce ta buroshi, amma da ka ja baya sai ka ji har danshin iskar.

Sai fata. Zana baƙar fata aiki ne babba kuma a nan nake daɗewa a tsaye. Wanda bai iya ba zai dama ruwan ƙasa guda ɗaya ya shafe fuska da shi ya ƙara baƙi a gefe. Gwani kuwa in ka duba goshi da kunci za ka ga shuɗi-shuɗi inda sama ta haska, ja-ja a kunne da gefen hanci inda jini ke kusa, ɗorawa a inda hasken ƙasa ya dawo ya bugi haɓa. Oresegun Olumide, ɗan Ikorodu shi ma ɗan Yabatech, wanda zanensa na yara suna wanka ya karaɗe duniya a 2016, ka duba yadda yake yin ruwa. Ruwa ba shi da kala, don haka abun da yake zanawa shi ne fatar da ta ƙara duhu inda ta jiƙe, da siririn farin layi a gefen kowane ɗigo, da 'yar inuwar da ɗigon ya yi. Da fentin mai yake aiki, shi kuma fentin mai yana ɗaukan kwanaki kafin ya bushe, ana sa shi ne shafi kan shafi siriri-siriri ana jira, shi ya sa launin ke da zurfi kamar daga ciki yake fitowa. Shi kuwa fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, cikin mintoci yake bushewa, yana da sauri amma haɗa launi ya narke cikin ɗan'uwansa ya fi wuya da shi. Bayan fuska ka duba hannu da kunne da ƙafa, masu rauni suna yawan ɓoye hannu a aljihu ko bayan mayafi.

Masu fensir da gawayi nasu daban ne. Arinze Stanley, haifaffen 1993 a nan Legas, injiniyancin noma ya karanta ba zane ba, amma yana yin fuskoki manya a takarda da za ka ga ramukan fata ɗaya bayan ɗaya. Abun da za ka riƙe a irin wannan aikin shi ne yawanci farin da kake gani takardar ce da kanta, an kewaye ta an bar ta, ko an ɗago gawayin da kilina mai tsini. Garin gawayi ake murzawa da auduga ko buroshi mai laushi a yi shimfiɗa, sannan a bi da fensir kala-kala daga mai tauri zuwa mai laushi. Kuskure ɗaya babba a wuri mai haske zai iya kashe aikin makonni.

Wani zai ce ai hoto suke kwafa. Eh, da yawansu suna aiki da hoto, wasu ma suna ja masa layuka gida-gida su bi gida ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a ɓoye yake ba, Chuck Close na Amurka da haka ya yi suna tun wajen 1968. Abun tambaya shi ne wa ya ɗau hoton, wa ya zaɓi mutumin ya tsara zamansa da haskensa, kuma me mai zanen ya ƙara me ya zubar. Wanda ya sauko da hoton wani tauraro daga intanet ya kwafe tsaf ya nuna haƙuri da hannu mai kyau, a yaba masa, amma bai kai wanda yake da abun faɗa ba. Dubi Babajide Olatunji da jerin zanensa na fuskoki masu tsaga irin ta Yarabawa, al'adar da take ɓacewa, mu ma da muke da namu zanen fuska a gidajen kakanni mun san me ake nufi. Ko Ken Nwadiogbu da yake zana ido ko wani yanki na fuska yana leƙowa ta cikin abu kamar yagaggiyar takarda, ya bar sauran. Nan ne salo yake, a zaɓi.

In kana son ka fahimci rayuwar aikin mai zane kar ka tsaya kan zane ɗaya. A ƙasan kowane aiki akwai sa hannu da shekara, ka nemi na shekaru daban-daban ka jera su a ranka ka ga me ya canza. Kolade Oshinowo misali, an haife shi 1948, a ABU Zariya ya yi karatu sannan ya shafe shekaru yana koyarwa a Yabatech, in ka bi aikinsa za ka ga mata da kasuwa da fuskoki tun farko, daga baya ya koma manna ƙyallen atamfa a jikin zanen yana fenti a kai. Kuma abun yana da asali a garin nan. Aina Onabolu da aka haifa a Ijebu-Ode a 1882 shi ya koya wa kansa zanen mutane lokacin da Turawa ke ganin baƙar fata ba zai iya ba, ya je Landan a 1920 ya yi karatu ya dawo yana koyarwa a makarantun Legas, shi ya matsa har aka kawo malamin zane Kenneth Murray a 1927, Murray ya koyar da Ben Enwonwu, Enwonwu kuma shi ya yi zanen wata gimbiyar Ife da ake kira Tutu a 1974, wanda aka yi gwanjonsa a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2.

Yaran yanzu hanyarsu ta bambanta, waya ce ta fito da su. Kareem Waris yana ɗan shekara 11 ya zana shugaban Faransa Macron a Afrika Shrine da ke Ikeja a 2018, Eli Waduba daga Kaduna ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart a 2019 ya sa a Twitter har mutumin ya gani ya amsa masa. Abun farin ciki ne, amma tashe na kwana kaɗan ne, wanda za ka bi shi ne wanda bayan shekara biyar yana nan yana aiki kuma aikin ya matsa gaba.

Na san akwai maganar addini kan zana abu mai rai, wannan fagen malamai ne kowa ya tambayi malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba akwai masu zana kwale-kwale da gada da rufin kwano mai tsatsa da tulin tumatir da tattasai a faranti, duk abun da na faɗa na haske da inuwa yana aiki a kansu.

In kuma sha'awa ta kai ka ga saye, fara da ɗalibai, ka leƙa sashen zane na Yabatech ko kasuwar Jakande ta Lekki inda 'yan'uwanmu masu kayan fata da duwatsun ado suke. Ka karkata ka kalli zanen ta gefe, na hannu za ka ga tudu da kwarin fenti, wanda inji ya buga kuwa shafe yake ko'ina ɗaya, wani lokacin a ɗan shafa masa fenti a sama don ruɗi. In ta intanet ne ka ce a turo bidiyon aikin tun yana rabi, don yanzu kwamfuta ma tana haɗa hoton da za a ce maka zane ne. Ka karɓi rasit mai sunan mai zanen da shekara da irin kayan da ya yi aiki da su. Ka yi ciniki amma kar ka yi masa tayin wulaƙanci, mutum ne ya yi makonni a sunkuye. In ka kai gida aikin gawayi ko fensir sai an sa shi a firam mai gilashi kuma kar gilashin ya manne da takardar, kar ka rataye a bangon da ke tsattsafo da damina ko inda rana ke bugawa kai tsaye, danshin Legas yana sa takarda ta yi fumfuna cikin 'yan watanni, don haka lokaci-lokaci ka sauke ka duba bayansa.